Koren Fentin Da Na Shafa Wa Innarku

Gumel, ranar Asabar.

Zuwa ga ɗana Nasiru, Autana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina gaishe da iyalinka Zulai. Allah ya sa kun sauka Gagarawa lafiya, ba abin da ya fashe a kayanku. Allah ya sa ka shiga aikin asibitin nan da ƙafar dama, ya tsare ku daga sharrin baƙunta da na maƙwabcin da ba kai ka zaɓa ba. Labarin gida ba zan ba ka ba, don babu. Gidan yana nan yadda ka bar shi, sai dai ya ƙara yi mini faɗi.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a aljihun kowa. To, a waya kai ɗan dillali ne. Kafin in kai aya ka tare ni da "Haka ne, Baba," ni kuwa na san wannan "haka ne", da ita nake sallamar mai tayin da bai yi mini ba. Takarda ba a katse ta. Ɗan ajin da na yi kafin kakanka ya janye ni zuwa kara dillancin dabbobi bai wuce na rubuta wasiƙa ba, bari yau in ci moriyarsa.

Ka tuna ranar da ake ɗora kayanku a mota. Ka ce da ni, "Baba, tunda Alhamis za ka Maigatari, ka sayo mini fenti bokiti biyu na ɗakin da muka kama. Ruwan toka mai duhu. Shi ake yayi, kuma ba ya nuna datti."

Zulai tana tsaye rungume da kan kekenta na ɗinki, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni da za a samu ruwan madara, ko don ɗinki. Tagar ɗakin ɗaya ce, kuma ƙarama."

Ko waiwaye ba ka yi ba. Ka ce, "Ke me kika sani a fenti? Baba ne ya san kasuwa."

Ta ce, "To."

Auta, na je Maigatari Alhamis ɗin, na dawo, ban sayo ba. Ba mantuwa na yi ba. Maganar da ka yaɓa wa yarinyar nan tawa ce, da bakina na fara faɗarta tun kana ciki, kuma na ga inda ta kai mace. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan gudun ban so ka gada ba. Zauna ka karanta.

Lokacin da na kawo Innarku gidan nan, ɗakinta na ƙasa ne, yaɓe kawai. Duk shekara kafin salla sai ta jiƙa farar ƙasa a tsohuwar ƙwarya, ta ɗaura tsumma a hannu, ta shafe bangon da kanta tana 'yan waƙe-waƙenta. Ya bushe ya yi fari fat. In ka shiga da hantsi sai ka kanne ido. A ciki take ɗinkin hula, ba ta buƙatar fitowa tsakar gida neman haske. Kwabona bai taɓa shiga wannan aiki ba, shi ya sa ban ga darajarsa ba. Mutumin kasuwa abin da bai biya ba ba ya ganinsa.

Shekarar da kara ta yi mini kyau, sai girman kai ya motsa. Na ce matar Sabo dillali ta wuce farar ƙasa. Na sa aka yi wa ɗakin filastar siminti. Ana cikin haka na gamu da wani ɗan kwangila da ya gama fentin ƙofofin wata ma'aikata, ya rage masa fentin mai garwa guda, kore. Ya buɗe mini murfin a tsakiyar kasuwa, rana na dukansa, yana walƙiya kamar ganyen gero bayan ruwa. Na taya, ya ƙi, na juya baya, ya kira ni. Na ɗauko ina jin na yi wa duniya wayo.

Innarku ta leƙa garwar ta ce, "Malam, anya wannan bai yi duhu ba?"

Na ce, "Ke me kika sani a fenti?"

Ga kuskure na farko. Launin da ka gani a murfin garwa, cikin rana, a hannun mai sayarwa, ba shi za ka tarar a bango ba. Ni da ba na sayen rago sai na ja shi inuwa na buɗe bakinsa na duba haƙora, sai ga ni na sayi launin ɗaki a tsaye, da ido ɗaya. Koren da ya yi kama da gero a kasuwa, da ya hau bango huɗu mai taga ɗaya, sai ya koma kamar ruwan kududdufi. Da azahar sai ka ce an kira magariba. Saboda haka ko wane launi kuka tsayar, fara sayen ɗan gwangwani. Shafa faɗin tafin hannu biyu kusa da taga, shafa wani a lungun da ya fi duhu. Bar shi kwana biyu ya bushe. Ku duba da safe, ku duba da azahar, ku duba da la'asar. Ɗaki mai ƙaramar taga ba ya ɗaukar launi mai nauyi, kamar yadda jaki ba ya ɗaukar kayan raƙumi. Araha ba ta ado, Auta, yayi kuma ba ya kwana ɗaki da mutum. Mai yayin ruwan tokan da ka gani a waya yana da tagogi kamar ƙofar gareji da wutar da ba ta ɗaukewa. Kai me kake da shi?

Kuskure na biyu ya fi na farko. Cikin damina na yi aikin, filastar ko sati biyu ba ta yi ba. Mai fentin, Malam Idi, wanda ka sani, ya dafa bangon ya ce, "Sabo, bangon nan bai sha iska ba. Ka bari sai kaka."

Na ce, "Kai dai so kake ka ja aiki. In ba za ka yi ba, ba ni buroshin."

Ya ce, "Gidanka ne. Amma ka tuna na faɗa."

Don garwar ta isa har ta yi saura, na sa ya tsinka fentin da kananzir fiye da ƙima. Innarku tana da cikinka wata biyar. Warin nan ya kama ɗakin kamar an kafa shi da ƙusa. Ta yi wata guda tana shimfiɗa a rumfar girki, in ta doshi ƙofar ɗakinta sai amai. Ni kuwa ina zaure ina gaya wa abokai cewa matata a ɗakin fentin mai take. Kafin a yi sunanka bangon ya fara kumbura daga ƙasa, ƙuraje-ƙuraje, in ka latsa su fashe, wani farin gari kamar kanwa ya zubo. Fentin mai fata ce, ba ya barin bango ya yi numfashi. Danshin da ka kulle a ciki sai ya nemi hanya.

Ka san me na yi? Abin da na iya. A kara, in an kawo mini ragon da ya rame, na san yadda zan ba shi kanwa ya sha ruwa cikinsa ya tashi, in wanke shi, in taje gashin, kafin mai saye ya farga ya kai gida. Haka na yi wa bango. Na ɗauko sauran koren na sake mulka masa a kan ƙurajen. Sai dai rago yana tafiya gidan wani, bango kuwa yana nan yana jiranka. Bayan damina ɗaya ya sake fashewa, yanzu ɓawo biyu a kan juna. To ka ji. Kada ka shafa fenti a kan cuta. Kankare tsohon har ka ga lafiyayyen bango, cike tsagewa, bar shi ya bushe, kuma a yi aikin da rani. Cikin ɗaki fentin ruwa ake sa wa, na mai a bar wa ƙofa da taga. Kwanan da za a yi, fitar da iyalinka daga ɗakin, ka buɗe komai har warin ya tafi.

Amma ba kumburin bangon ne ya fi ci mini rai ba yanzu. Da salla ta matso, Innarku ta jiƙa farar ƙasarta kamar kullum, tana so ta rufe koren. Ina shigowa na tarar da ita tsaye da tsumma, farar ƙasar tana gangarowa a kan fentin kamar ruwa a bayan agwagwa. Inda ta ɗan kama, da ta bushe sai ta zube kamar gari. Ta gwada sau uku. Ta kalle ni ta ce, "Malam, bangon nan ya daina jin maganata."

Na yi dariya, wallahi na yi dariya. Na ce, "Ai kin huta." Ta wanke ƙwaryar ta kife ta. Daga ranar ba ta sake shafe ba. A da, in ɗakinta ya dushe, ba ta roƙon kowa. Ni na mai da ita mai jira. In za ka yi wa mace gyara, Auta, duba da kyau kada gyaran ya ƙwace mata abin da take yi wa kanta, ya bar ta sai da kai. Kai kuwa ba kullum kake nan ba, kuma ko kana nan ba kullum kake ji ba.

Zauren gidan nan kuwa ka san shi. Sau nawa aka yi masa fenti kana yaro? Ni na tuna huɗu. Ruwan madara a sama, ruwan ƙasa a ƙasa daidai kafaɗar mai zama don kada maiƙon kai ya nuna. Ka ga na san yadda ake yi. Ba jahilci ba ne. Fataken Kudu masu sayen shanu a nan suke sauka, mutanen Damagaram masu kawo raƙuma a nan suke shan shayi, dillali kuwa zaurensa ne rigarsa. Duk lokacin da Malam Idi ya zo da rola, sai Innarku ta aiko 'yar'uwarka Ladidi ta ce, "Inna ta ce in fentin ya rage." Ni kuma in ce, "Ce mata ai nata na mai ne, ba ya tsufa." Baƙo yana zama awa ɗaya ya tafi, shi na yi wa ado. Wadda take wuni ta kwana a ɗaki ɗaya shekara da shekaru, ita na bar wa kududdufi. Kai da safe za ka saɓa rigarka ka tafi asibiti, ba ka dawowa sai la'asar sakaliya. Wa zai zauna da ruwan tokan? Wa zai zura zare a allura a cikinsa? Ka ce ba ya nuna datti. Gaskiya ne. Ba ya nuna komai, har fuskar mai ɗakin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin nan ba kai ba ne, sunanka ne kawai a bakin mai gidan haya.

Yanzu ga abin da ya sa na nemi takarda, don bakina ba zai iya ba. Ladidi ma ba ta sani ba.

Kana makarantar koyon aikin lafiya lokacin da idon Innarku ya fara. Ta ajiye ɗinkin hula, ta ce zaren yana ɓuya mata. Na kai ta asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci, abin da ya tafi ya tafi. Kada in ɗora wa kaina abin da ba nawa ba: ya ce ba fenti ne ya kawo ciwon ba. Amma ya tambaye ni yadda ɗakinta yake. Da na faɗa masa, ya ajiye bironsa ya ce, "Baba, ɗan ganin da ya rage mata haske yake so. Ka mai da bangon fari, za ta daɗe tana gane ƙofa da tabarma da fuskokinku."

A hanyar dawowa cikin a-daidaita-sahu ta kama bakin rigata, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Ta ce, "Malam, fari. Ban taɓa matsa maka a kan komai ba."

Na ce, "Alhamis ɗin nan, in Allah ya yarda."

Kuma na cika. Na sayi farin fentin ruwa mai kyau bokiti biyu a Maigatari, ban ko ja ciniki da yawa ba. Na yi magana da Malam Idi zai zo Asabar ya fara kankare koren. Ina tsaye a tasha da bokitaina ina jiran motar Gumel ta cika, sai ga wani Alhaji daga Sule Tankarkar a rikice. Sabon shago zai buɗe, fentinsa ya yanke, ya zagaye kasuwa irin wanda yake so ya ƙare, nawa ne na ƙarshe. Ya dubi bokitan ya ce, "Malam, na sayarwa ne?"

Da na ce a'a, da shi ke nan. Kalma ɗaya. Amma shekara arba'in bakina bai saba da ita ba. Kafin zuciyata ta yi magana, harshena ya riga ya ce, "Nawa ka saya?" Ya taya, na girgiza kai. Ya ƙara, na dubi sama. Ya sake ƙarawa, na ce, "Na sallama." Har ina taya shi ɗorawa a babur. Na shiga mota ina ce wa kaina mako mai zuwa sai in sayi wani, ga riba a sama, wa ya yi asara? Ribar da ba ta wuce cefanen kwana biyu ba. Na tsaya na sayo mata tsire da ita.

Ta ji shigowata ta ce, "Ina fentin?"

Na ce, "Bai iso daga Kano ba. Sai mako."

Ta lalubi takardar tsiren ta ɗauki yanka ɗaya. Ta ce, "Tsiren da daɗi, Malam. Yau kasuwa ta yi kyau ke nan." Matar dillali ce, Auta. Ta san ranar da nake sayo tsire.

Makon da ya biyo, Malam Idi ya gaji da jira ya karɓi wani aiki a Sule Tankarkar. Da ya dawo, babbar salla ta gabato, ni kuma raguna sun rufe ni, ba na ganin gida sai don in yi salla in fita. Da aka gama layya sai ruwa ya sauka, na ce ai na koyi darasi, ba a fenti da damina. Ka ga yadda nake? Ko darasin da na koya sai da na mai da shi hujja. Sai da aka yanke gero sannan na kawo bokitan. Muka kwashe kayanta zuwa ɗakinka, muka yi kwana uku ni da Malam Idi muna kankare ɓawon koren nan, hannuwana suka yi kanta. Bai ce mini "na faɗa maka" ba, da ma ya faɗa da na fi samun sauƙi. Shafi uku aka yi. Ɗakin ya dawo fari fat, har ya fi na zamanin farar ƙasa.

Na riƙo hannunta na shigo da ita da hantsi, na wangale taga. Na ce, "To, ga shi."

Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana juya kai. Ta shaƙi iska. Ta miƙa hannu har ta taɓa bango, ta shafa shi a hankali. Sannan ta ce, "Ya yi santsi. Wane launi ne?"

Na ce, "Fari ne. Wanda kika ce."

Ta ce, "Allah ya saka da alheri. Ka more shi."

Ba gatse ta yi ba, ka san Innarku ba ta iya ba. Da gatse ne da na samu abin riƙewa. Shekara ɗaya da 'yan watanni ta yi a farin ɗakin nan tana lalube, Allah ya karɓi abarsa. Da kuka zo zaman makoki na ji ka kana ce wa Ladidi, "Baba ya kyauta, ya gyara wa Inna ɗaki kafin ta rasu." Na sunkuyar da kai na karɓi yabon, kamar yadda nake karɓar la'ada a kan dabbar da na san tana tari. Yau na mayar maka da shi. Ba nawa ba ne.

A ɗakin nake kwana yanzu. Da safe rana tana shigowa ta bugi bangon, komai ya fito sarai: ƙusar da take rataye carbi, gurbin gadonta, ƙwaryar da ke kife a kan sif. Ni mai ido, ni nake ganin farin. Ban san hukuncin da ya fi wannan daidai da laifina ba.

Ba na yaudarar kaina cewa takarda tana gyara mutum. Malam Idi ya faɗa mini ban ji ba, likita ya faɗa mini na ji rabi, wadda ta fi kowa hakki ta faɗa mini shekara ashirin da ɗoriya. Kai kuma jinina ne, na ga yadda kake ɗage haɓa in an ba ka shawara. Wataƙila ka ninke wannan ka cusa a aljihu, ka ce tsoho kaɗaici ya dame shi. Wataƙila ma ka riga ka aika wani ya sayo. Abin da ke hannuna kaɗan ne, shi zan yi.

A cikin ambulan ɗin nan akwai takardar launuka da na karɓo wurin mai sayar da fenti. Ba taka ba ce. Miƙa wa Zulai a hannunta, ka fita ka ba ta wuri, kada ka tsaya mata a ka, don in kana tsaye abin da kake so za ta nuna. Wanda ta sa wa yatsa, ko da ruwan hoda ne da zai sa abokanka su yi maka dariya, kira ni ka faɗa mini. Zan sayo da kaina, in rungume shi a cinya har Gagarawa, kuma duk wanda ya tambaye ni a tasha ko na sayarwa ne, zai ji abin da bai taɓa ji daga bakin Sabo ba. Amma kada ka ce mako mai zuwa.

In kuwa ka kafe sai ruwan toka, kuɗinka ne, ɗakinka ne, sai dai ba da hannuna ba. Ba zan yi maka baki ba, ba zan sake tayar da maganar ba. Zan zo in duba ku kamar yadda uba yake yi. Ka shimfiɗa mini tabarma a waje, Zulai ta kawo mini ruwa a nan. Ɗaki mai duhu da mace a ciki tana cewa "to", na shiga nawa rabon.

Allah ya tsare ka a hanya da wurin aiki, ya tsare Zulai, ya ba ta lafiyar ido da tsawon kwana. Allah ya haskaka kabarin Innarku fiye da yadda na haskaka ɗakinta, ya sa ta yafe mini. In ka yi salla ka sa ni a ciki, na fi ku buƙata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sabo.